Alwalar Mala

Koki, cikin birnin Kano
Ƙarshen watan Safar, 1420

Takarda ta fito daga hannun Mala Ibrahim, limamin masallacin lungunmu, zuwa ga taubashiyarsa Hajo, ma'aikaciyar jinya a Jidda. Gaisuwa da aminci da yarda. Ina fata kina lafiya, ke da aikinki da zafin ƙasar da kika zaɓa kika bar mu. Nan gida kowa lafiya lau. Ya Kaka, uwar ɗakina, tana gaishe ki, ta ce turaren wutan da ta haɗa miki yana cikin jakar Alhaji Isyaku mai kawo miki wannan takarda. Ki duba da kyau, don ɗan kasuwar Kurmi ba ya jin ƙanshi ya kau da kai.

Bayan haka, gara ki ji daga bakina kafin a ƙara wa labarin gishiri. An yi mini aiki a asibiti. Likita ya ce ciwon daji ne ya kama ƙullin nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara. Sun cire shi, kuma za a riƙa yi mini allura duk wata. Kada ki ta da hankalinki irin na Fulani in saniya ta yi tari. Ɗan aiki ne, na dawo gida, an zare robar da aka sa mini, ina cin tuwona.

Limanci na miƙa wa ɗalibina Ɗalha kafin in ƙara jin ƙarfi. Karatunsa ba laifi, ina jin sa ta lasifika daga ɗaki.

Labarin gari kuwa, soja sun koma bariki, farar hula sun hau. Har lungunmu ya samu kansila, yaron da na sha murɗe wa kunne a kan wasa a sahu, ya yi rantsuwa zai gyara mana kwata. Ana ta cewa yanzu duk waɗanda suka tsallaka neman abinci za su dawo gida. Na ce ban da baiwar nan tawa, ita ta manta ɗan namiji ne ubangidan ɗan mace, sai na aika an kamo ta.

Ki aiko mini da dabino mai laushi, ba irin na bara ba da ya kusa raba ni da haƙori.

Haza wassalam.
Ubangidanki, Mala

*

Jidda
24 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Babarbarena Mala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wuri na zauna. Ina lafiya, turare ya iso, ka ce wa Ya Kaka Allah ya saka, har maƙwabciyata Bamisiriya ta zo roƙo.

Ka ga na rubuto da ajami. Tun na makarantar Baffa mahaifinka ne, ya yi tsatsa, ka yi haƙuri da shi. Na yi haka ne don ka karanta da idonka, kada ka miƙa wa kowa.

Mala, na daɗe ina aiki a ɗakin maza, yanzu kuma ina sashen gashi da motsa jiki, inda ake turo mana irinku bayan wannan aikin. Na san abin da ke biyo bayansa. Ka ce kana cin tuwo, ka kuma ce kana jin Ɗalha daga ɗaki. Tsakanin ƙofar gidanka da masallacin nan ko tsohuwa mai sanda ba ta tsayawa hutu. Kai ne ranar da aka kai Baffa makwancinsa ka dawo ka ja Magariba muryarka ba ta yi rawa ba. In ƙarfin jan salla ne babu, me ya hana ka bin sahu ko a zaune?

Don haka zan tambaye ka abin da Ya Kaka ba za ta iya ba, 'ya'yanka ba za su iya ba, likitanka kuwa na tabbata yaro ne mai jin nauyin rawaninka. Fitsari yana zubo maka ba da son ranka ba?

Kada ka yi salati ka jefar da takardar. Kakanninmu da suka ƙago wasan taubasai sun san wata rana za a nemi bakin da ba ya jin nauyi, to ga shi Allah ya ba ka nawa. Ni da na gan ka kana gudu ba wando a tsakar gidan Baffa, kunkuru ya biyo ka, ba sauran abin da za ka ɓoye mini. In haka ne, ba kai kaɗai ba ne, kusan duk wanda aka yi wa aikin yana haɗuwa da shi, kuma akwai abin yi. Ka amsa mini e ko a'a.

Ga dabino nan, mai laushi, na tsofaffi.

Taka,
Hajo

*

Koki
Watan Rabi'us Sani, 1420

Zuwa ga Hajo, gaisuwa da fatan alheri. Muna nan lafiya, damina ta yi albarka har katangar bayan gida ta nemi zaunawa, an tokare ta.

Na san Isyaku ya gaya miki ya je ya dawo ya sake zuwa ban ba shi komai ba. Fushi na yi. Na ce wace irin mace ce za ta rubuta wa liman wannan magana, da ajamin da kamar kaza ta taka tawada? Na cusa takardar ƙarƙashin buzu. Sai na ga kullum ina ɗagawa ina sake karantawa.

To, e. Haka ne.

In na yi tari yana zuwa, in na tashi daga zaune yana zuwa, mafi muni in na ɗago daga sujada. Tsumma nake sawa. Ni nake wanke abina da kaina in shanya a kan bene inda ba mai hawa, don ba na son Ya Kaka ta sani. Ta yi mini hidimar duniya, ba zan ƙara mata da wannan ba.

Kada ki karanto mini hukunci, na fi ki saninsa. Maza nawa suka zauna a zaurena suna sunkuyar da kai, na ce musu mai yoyon fitsari yana da uzuri, ya yi alwalarsa ya yi sallarsa, Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Ashe faɗa wa wani hukunci daban, ka tsaya cikin mutane kana jin ɗumi yana bin cinyarka daban. Na gwada sau ɗaya da Asuba. Da na ɗago na ga alama a kan tabarma, kusa da gwiwar mutumin da ke gefena. Ban jira sallama ba na fice. Tun ranar ƙafata ba ta sake taka masallacin ba, kuma wallahi Hajo, duk kiran salla ji nake kamar da sunana ake yi.

Allurar nan kuma ta zare mini ƙarfi, cinyoyina sun saki, yini nake a kwance.

Abin da nake so ɗaya ne. Tun da na sauke hadda ban taɓa rasa sallar asham a masallacin nan ba, kuma ga azumi yana ƙaratowa. In akwai wata ƙwaya a ƙasar Larabawan nan da ke ɗaure abin, ki aiko. In babu, ki yi mini shiru kamar ba mu yi maganar ba.

Wassalam.
Mala

*

Jidda
9 ga Agusta, 1999

Mala, sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida Ya Kaka da yara da katangar da aka tokare.

Na gode da ka amsa. Na san abin da ya ci maka kafin ka rubuta kalmar nan guda, kuma ban yi dariya ba, ko kaɗan.

Ƙwaya babu. Maganin yana jikinka, sai dai yana son naci, ku kuwa Barebari in ba a karatu ba ban san ku da shi ba. Akwai wata tsoka a can ƙasa, tsakanin gaba da baya, ita ce mai tsaron ƙofa. Aikin da aka yi maka ya raunana ta, kwanciyar da kake yi tana ƙara kashe ta. Ga yadda za ka gano ta. Ka tuna ranar da kake zaune gaban manyan malamai iska ta nemi fita, ka matse ka hana ta? Tusa nake nufi, kada ka yi kamar ba ka gane ba. To wannan matsewar ce, ka haɗa da ɗagowa sama kamar za ka tsai da fitsari. Kada ka ɗaure ciki, kada ka matse cinya, kada ka riƙe numfashi. Ka matse, ka riƙe gwargwadon yadda za ka ce “Hajo ta fi ni gaskiya”, ka saki a hankali, ka huta, ka sake. In ta gaji ka bari. Ka fara a kwance, in ka saba ka yi a zaune kan buzunka, daga baya a tsaye. Safe da rana da yamma. Ba mai gani, ko baƙo na gabanka kana amsa gaisuwa za ka iya.

Sannan ka koya wa kanka matsewa kafin tari, kafin tashi, kafin ɗagowa daga sujada. Ka rufe ƙofa kafin akuya ta fita.

Cinyoyi kuma, ka samu kujera mai ƙarfi, ka zauna ka tashi, ka zauna ka tashi, hannu a kan gwiwa in ya kama. Ka zaga tsakar gida da safe kafin rana ta yi zafi. Kwanciyar nan ba hutu ba ce, gajiyar allurar tafiya ce ke rage ta, ko da yake na san ba za ka yarda ba sai ka gani. Ka gaya wa likitanka kana yi, in ka ji ciwo ko jiri ka tsaya.

Goro da shayi ka rage, suna tsokanar mafitsara. Ruwa kuwa ka sha yadda ka saba.

Abin ba ya nuna kansa da wuri, sai an yi watanni. Ka yi haƙuri irin wanda kake ba mutane.

Taka,
Hajo

*

Koki
Watan Jimada Sani, 1420

Zuwa ga Hajo, gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya sauka. Kansilanmu ya kawo tifar yashi ya zube a bakin lungu, yanzu ga kwata ga yashi, yara sun samu wurin wasa.

Na karanta darasinki. Ban taɓa jin malamin da ya sa sunansa cikin abin da za a maimaita ba sai ke. Na gwada kwanaki, na zauna na tashi a kujera har Ya Kaka ta leƙo ta tambaya ko kuɗin cizo ne.

Albishirinki. Na gano kan abin. Yanzu ina yini a bushe tun daga hantsi har Magariba, alwala ɗaya tana kai ni Azahar da La'asar. Goro da shayi kuwa ba na ko kallonsu da rana. In aka ci gaba a haka, ina sa ran kafin azumi in koma wurina.

Kada ki ƙara wahalar da kanki da dogon rubutu, idonki ya huta.

Haza wassalam.
Mala

*

Jidda
3 ga Oktoba, 1999

Mala! Alhamdu lillahi. Ina gaida kowa da kowa.

Isyaku na miƙo mini takardar na buɗe a gabansa, sai da ya tambaya ko haihuwa aka yi. Na kai labarinka wurin aiki, ban faɗi suna ba, na ce wani tsoho ɗan uwana ya bushe cikin 'yan makonni. Shugabarmu ta ce ba ta taɓa ganin saurin haka ba. Na ce ai ba ta san jinin gidanmu ba ne, ta wajen uwa. Ka ga yadda Bafulatana ke kiwo, ko Babarbare aka ba ta sai ya yi ƙiba.

Ka ci gaba, kada ka saki don ka ga sauƙi. Ka rubuto mini ranar da ka fara komawa masallaci, ina so in san wace salla ce.

Taka mai murna,
Hajo

*

Koki, Kano
Ƙarshen watan Rajab

Zuwa ga 'yar uwa Hajiya Hajo,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ni ce Ya Kaka. Da hannuna na rubuta, bokon yaƙi da jahilci ne, in kin ga kuskure ki rufa mini asiri. Isyaku ya ce kin tsare shi a masauki kina tambayar me ya sa shiru, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Kada ki tsorata, Malam yana gida yanzu, da sauƙi. Amma mun ga tashin hankali. Ranar wata Talata bayan La'asar ya taso zai zaga, sai na ji tim a tsakar gida. Na fito na same shi a ƙasa, jiki zafi kamar garwashi, leɓe a bushe, bai san wanda ke kansa ba. Ɗalha da maƙwabta suka kai shi asibiti. Aka yi ta ƙarin ruwa, leda bayan leda. Likita ya ce ruwan jikinsa ne ya ƙare, ciwo ya shiga mafitsara ya hau ƙoda, da an ƙara kwana da sai dai wani labarin.

Hajiya, azumi ne. Tun kafin watan azumin tsofaffi ya kama yake yi kullum, ba Litinin ba Alhamis, duk ɗaya. In an sha ruwa ma dabino ne da kurɓi ɗaya, sahur ba ya taɓa kofi. Unguwa ta ɗauka, ana cewa ciwo ya ƙara kusanta Malam da Ubangiji, har mata na aiko da yara a tofa musu. Ni kuwa raina bai kwanta ba, amma wace ce ni in hana malami azumi? Likita ya yi faɗa sosai, ya ce bana ko na Ramadan kada ya yi. Tun da ya ji haka ya juya fuska bango, magana sai da ƙyar.

Zan gaya miki wani abu, ki riƙe. Na san larurarsa tun makon da aka sallamo shi. Matar da ta tsufa tana wanke wa mutum kaya ai ba a ɓoye mata wando. Yana hawa bene da ƙyar yana shanya tsummokaransa, ni kuma in ya yi barcin rana sai in hau in kwaso, in sake wankewa da sabulu, in turara, in mayar yadda ya bar su. Ban taɓa nuna na gani ba. Bakina ba zai iya ba, kin san yadda muke.

Ke yake jin maganarki ko yana zagi. Don Allah ki rubuto masa. Ba na son limanci, ba na son komai, mutumin nake so ya tashi.

Taki,
Ya Kaka

*

Jidda
16 ga Nuwamba, 1999

Mala,

Ina yi maka sannu, Allah ya ba ka lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Na ɗauko takardarka ta baya na sake karantawa. A bushe daga hantsi har Magariba. Ba ka kallon goro da shayi da rana. Komai ka rubuta gaskiya ne, ni ce na karanta abin da nake so in ji, har na je ina yi wa Larabawa alfahari. Ashe ba tsokar ce ta yi ƙarfi ba, rijiyar ka ƙafar. Ka hana kanka ruwa don kada ya fito, ka lulluɓe abin da azumi don kada a tambaye ka. Na yi kuka a ɗakin canza kaya har aka zo ana ba ni haƙuri, an ɗauka rasuwa aka yi mini. Saura kaɗan ya zama hakan, Mala. Ni kai kaɗai ka rage mini wanda ya san ni tun ina yawo da ɗan kamfai, in ka tafi wa zan zaga?

Ba zan yi maka wa'azi a kan niyya ba, filinka ne. Ka zauna da kanka.

Ga abin da ke nawa filin. Ban yi maka alkawarin bushewa kafin azumi ba, kai ka yanka wa kanka wa'adi. Zai yiwu sai bayan Salla, zai yiwu ya ragu ƙwarai amma bai ɗauke duka ba. Ka koma kan motsa jikin daga farko, a kwance, da zarar likita ya yarda. Ka sha ruwa. Na ba Isyaku wani ƙunshi, na ce masa auduga ce ta ciwo. Abin tare fitsari ne na maza, ana sawa cikin wando, ba ya nunawa, ba ya bari ya kai tabarma. Da shi mutane ke ɗawafi a nan, manya da rawunansu.

Sai magana ta ƙarshe, Ya Kaka ta yafe mini. Kai da ka iya bambance turaren Borno da na kanti daga zaure, ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa tsumman da ka wanke da ruwa zalla yake ƙanshin sandal ba? Tana hawa benen nan a bayanka da gwiwarta mai ciwo. Ka kira ta ka ba ta takardata ta watan Agusta, in ba ta iya ajamina ba ka karanta mata da bakinka. Daga yau ita ce wakiliyata a kanka.

Masallaci kuma, ba wanda ya ce sai ka tsaya a gaba.

Taka, ko kana so ko ba ka so,
Hajo

*

Koki
Watan Ramadan, 1420

Takarda daga Mala zuwa ga Hajo. Gaisuwa da aminci, da barka da shan ruwa, ku da kuke yi. Mu nan lafiya, ana ɗan sanyi. Ya Kaka tana gaishe ki, ta ce kin tona ta, amma ta yafe.

Na kira ta kamar yadda kika ce. Na karanta mata takardar ina kallon bango, ita tana kallon ƙasa. Da na zo wurin maganar iska sai na ji wani sauti, na waiwaya, ashe dariya take dannewa da bakin mayafi. Ni ma ta ƙwace mini. Rabon da mu yi dariya tare a ɗakin nan tun kafin asibiti.

Kin naɗa mini mugun hakimi. In yara na wurin sai ta ce, “Malam, an gaida Hajo kuwa?” Wato in matse. Safe a gaida Hajo, rana a gaida Hajo, har jikanmu ya tambaya ko kin dawo ne kina ɗaki. Batun kujera kuwa, Ya Kaka na tsaye a kaina ina zama ina tashi. Na fara da zaga tsakar gida, yanzu ina kaiwa bakin Kurmi in gaisa da masu sai da takarda in dawo ba tare da na nemi dakali ba. Gajiyar ta ragu, kin fi ni gaskiya, kuma wannan ne karo na ƙarshe da za ki ji haka daga gare ni. Abin bai ɗauke ba. Ya dai ragu, tari ba ya cin nasara a kaina kamar da.

Azumi ban yi ba. Ina shan ruwa tsakar rana a ƙuryar ɗaki, da buta a gefe kamar yaro. Wanda ya ƙi ruwa lokacin da aka halatta masa, ga shi yana sha lokacin da kowa ya kame. Na karɓa, ni na jawo.

Daren farko na asham ban fita ba. Na sa riga, na naɗa rawani, na kai zaure, na dawo na zauna ina ji ta lasifika. Haka na biyu. Jiya na sa abin da kika aiko, na jira sai da aka ta da salla, na shiga na tsaya a sahun ƙarshe, bakin ƙofa, wurin takalma, tsakanin wani mai gyaran keke da wani baƙo. Na rufe fuska da rawani. Niyyata in ji abu ya zo in sulale.

Ɗalha na cikin karatu sai ya kakare. Ya koma baya ya sake tahowa, ya tsaya a wuri guda. Sahun gaba shiru, kowa ya saba ni ke wurin. Wallahi Hajo ban yi shawara da kaina ba, sai jin muryata na yi ta fita daga wurin takalma, na ɗora masa ayar. Yaron ya buɗe baki zai karɓa, kuka ya ci ƙarfinsa. Na sake maimaita masa, a hankali, yadda nake yi masa yana ƙarami, har ya kama ya wuce.

Da aka yi sallama ya juyo, ya matsa gefe ya bar mini wurin, sahu ya tsage har zuwa inda nake. Tsofaffi na cewa, “Bismilla Malam, bismilla.” Na ce, “Ɗalha, koma wurinka. Ina da larura, kai ne liman. Ina bayanka.” Da bakina na faɗa, a gaban kowa, kuma rufin masallacin bai faɗo ba. Mai gyaran keke ya matsa ya ƙara mini wuri, muka ta da kabbara.

Na tsaya har wutiri. Sai da na shigo gida Ya Kaka ta miƙo mini wani wando, sannan na tuna da abin. Tun daga ayar nan har ƙofar gida bai faɗo mini a rai ba. Na duba, ya ɗan jiƙe. Na sauya, na ce ta ajiye mini wani a kusa saboda Asuba.

Haza wassalam.
Naki, Mala